Henry Highland Garnet: Bawan da ya gudu, ya koma Afirka yana jakada

A wannan fili mun saba kawo muku tarihin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, domin wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda aka dosa. Yau tarihin zai kai mu ƙasar Laberiya, wadda yawancinmu muka san sunanta tun 1990, lokacin da sojojin Nijeriya suka tafi can aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG. A Monrovia, babban birnin ƙasar, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Palm Grove. A can aka binne wani fasto, baƙar fatar Amurka, mai suna Henry Highland Garnet, a cikin watan Fabrairu na 1882. Ya zo ƙasar ne a matsayin jakadan Amurka, bai kuwa cika wata biyu a kan kujerar ba rai ya yi halinsa.

Wani zai ce, me za a faɗa a kan jakadan da bai yi wata biyu yana aiki ba? Amsar tana cikin hanyar da ya bi kafin ya kai wannan kujera, tana kuma cikin tarihin ita kanta kujerar, wadda gwamnatin Amurka ta yi shekara goma sha biyar tana ƙin kafawa saboda launin fata.

Haihuwa cikin bauta

An haifi Henry ran 23 ga Disamba 1815, a gundumar Kent ta jihar Maryland. Uwarsa da ubansa bayi ne, saboda haka shi ma a idon dokar wurin dukiyar wani ne, kamar doki ko garma. Labarin da iyalin suka riƙe shi ne kakansa basarake ne na kabilar Mandingo a Afirka ta Yamma, an kama shi a yaƙi aka sayar. Yaron ya tashi da wannan labari a kunnensa, bai kuma manta da shi ba har tsufansa.

A 1824, bayan mutuwar ubangidansu, sai mahaifinsa George ya nemi izini su je jana'iza. Da aka ba su, ya kwashi iyalinsa suka nufi arewa, inda babu bauta. Da rana su ɓuya a daji, da dare su yi tafiya, har suka isa garin Wilmington, inda wani Bature ɗan ɗarikar Kwaka mai suna Thomas Garrett ya ba su mafaka. Wannan mutum ya shahara wajen taimakon bayi masu gudu. Daga nan suka zauna a jihar Pennsylvania na ɗan lokaci, sa'an nan suka zarce birnin New York. A can suka sake suna, suka ɗauki Garnet, don kada a gane su. Uban ya kama sana'ar ɗinkin takalma, yaron kuwa aka sa shi a makarantar African Free School, wadda aka kafa don 'ya'yan baƙaƙen fata. A nan ya haɗu da Alexander Crummell, wanda ya zama amininsa har mutuwa, ya kuma zama limamin Anglika daga baya.

Talauci bai bar shi ya yi karatu a jere ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha uku ya shiga aikin yaron jirgin ruwa, har ya je tsibirin Kyuba. A 1829 ya dawo daga wata tafiya ya tarar gidansu ya watse. Masu farautar bayi sun gano inda suke, mahaifinsa ya yi tsalle daga saman bene ya tsira, an kama 'yar'uwarsa Eliza, da ƙyar aka samu kotu ta sake ta. Henry ya sayi wuƙa ya dinga yawo da ita a titin Broadway yana jiran wanda zai taɓa shi. Abokan iyalin suka ga abin zai yi muni, suka fitar da shi daga birnin zuwa ƙauyukan Long Island, inda ya yi aikin gona. A can ne ya ji rauni a gwiwa, raunin da ya ƙi warkewa, ya sa shi tafiya da sanda shekara da shekaru, har a ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar yana ɗan shekara ashirin da biyar.

Neman ilimi

Da ya komo New York sai ya shiga hannun Fasto Theodore Wright, mai kula da majami'ar baƙaƙen fata ta ɗarikar Presbyterian. Wannan bawan Allah shi ne ya rene shi cikin bangaskiya, ya kuma nuna masa hanyar aikin bishara. Mu da muke koyar da yara da matasa a majami'u ya kamata mu lura da wannan. Yaron da ya zo wa Fasto Wright gurgu ne, matalauci, zuciyarsa cike da fushi. Da an dube shi da ido kawai, da ba wanda zai sa rai da shi.

A 1835 Garnet da Crummell da wani abokinsu suka tafi makarantar Noyes a garin Canaan, jihar New Hampshire, wadda ta buɗe ƙofarta ga fari da baƙi. Manoman yankin ba su ji daɗin haka ba. A watan Agusta na shekarar suka taru da shanun noma masu yawa, suka ɗaura wa ginin makarantar sarƙoƙi, suka janye shi daga harsashinsa. Crummell ya ba da labari daga baya cewa da dare wasu suka zo gidan da ɗaliban suke kwana, sai Garnet, yana fama da ciwo, ya harba bindiga ta taga, maharan suka watse. Ɗaliban suka bar garin. Shekarar da ta biyo ya samu shiga makarantar Oneida a jihar New York, a ƙarƙashin shugabanta Beriah Green, a nan ya kammala karatunsa.

Daga nan ya koma garin Troy, yana koyarwa a makaranta yana kuma wa'azi. A 1841 ya auri Julia Williams, wadda ita ma tana cikin ɗaliban da aka kora daga Noyes. Aka naɗa shi faston majami'ar Liberty Street, ya riƙe ta har 1848. Gidansa da majami'arsa suka zama zango ga bayi masu gudu zuwa Kanada, ya rama wa wasu alherin da Thomas Garrett ya yi wa iyalinsa.

Jawabin Buffalo

Abin da ya fito da sunan Garnet a duk faɗin Amurka ya faru ne a watan Agusta 1843, a babban taron baƙaƙen fata na ƙasa da aka yi a birnin Buffalo. A lokacin yawancin masu yaƙi da bauta sun tsaya a kan cewa hanyar da ta dace ita ce a yi ta jan hankalin masu bayi da wa'azi da rubuce-rubuce har zuciyarsu ta karaya. Garnet, yana ɗan shekara ashirin da bakwai, ya miƙe a kan sandarsa ya juya maganar. Maimakon ya yi wa iyayengiji magana, sai ya yi wa bayin da kansu.

Hujjarsa ta mai wa'azi ce. Ya nuna cewa Allah ya umarci kowane mutum ya karanta Maganarsa, ya riƙe aurensa da tsarki, ya reni 'ya'yansa cikin tsoron Ubangiji. Bauta kuwa ta hana bawa duk waɗannan, gama a jihohin kudu da yawa laifi ne a koya wa bawa karatu, aurensa ba shi da tsayawa a gaban doka, ana kuma iya sayar da ɗansa gobe da safe. Saboda haka, a ganinsa, wanda ya miƙa wuya ga bauta da yardar ransa ya bar mutum ya shiga tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ya shawarci bayi su je wurin iyayengijinsu su nemi 'yancinsu a fili, in an ƙi su daina aiki, in kuma an far musu kada su tsaya hannu rabbana. Ya tuna musu da Denmark Vesey da Nat Turner da Joseph Cinque, mutanen da suka tashi tsaye a gabansu.

Zauren ya girgiza, amma ba kowa ya yarda ba. Frederick Douglass, wanda shi ma bawa ne da ya gudu daga Maryland, ya tashi ya yi suka, yana tsoron kada maganar ta jawo kisan bayi ba adadi. Aka kaɗa ƙuri'a a kan ko taron zai ɗauki jawabin a matsayin nasa, aka kayar da Garnet da ƙuri'a ɗaya tak. Sai a 1848 ya buga jawabin da kansa.

Ba za mu yi saurin yanke hukunci a kan wanda ya yi daidai tsakanin mutanen nan biyu ba. Douglass yana tunanin jinin da za a zubar, Garnet yana tunanin rayukan da ake murƙushewa kowace rana ba tare da an ji ƙararsu ba, dukansu kuwa sun ɗanɗani abin da suke magana a kai. Abin da tarihi ya nuna shi ne kafin shekara ashirin ta cika, ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa, su biyun kuma suka zama masu kiran samari baƙaƙe su shiga soja.

Auduga da ƙasar Yarbawa

A 1850 aka gayyace shi Ingila. Masu gayyatar suna kiran jama'a su daina sayen auduga da sukarin da bayi suka noma. A wannan shekarar ce Amurka ta kafa doka mai tsanani ta kamo bayin da suka gudu ko'ina suke a ƙasar, shi kuwa Garnet a takarda har yanzu gudajjen bawa ne. Ya yi fiye da shekara biyu yana zagaya garuruwan Birtaniya yana jawabi. Daga nan ikilisiyar United Presbyterian ta Sikotilan ta aike shi aikin mishan a tsibirin Jamaika. Wannan ita ce ikilisiyar da ta riƙe aikin mishan na Kalaba a nan Nijeriya, wanda Hope Waddell ya fara a 1846 tare da Kiristoci baƙaƙe daga Jamaika. Garnet ya yi wajen shekara uku a can, zazzaɓi ya tilasta masa komawa New York, inda ya hau kujerar da ubansa cikin bangaskiya, marigayi Fasto Wright, ya taɓa riƙewa a majami'ar Shiloh.

Zaman Ingila ya koya masa wani abu. Ya ga da idonsa cewa masaƙun Manchester da kewaye su ne ke cinye audugar da bayin Amurka ke nomawa. Ya yi lissafi cewa in mutane masu 'yanci a Afirka suka noma auduga mai yawa suka sayar wa Ingila, kasuwar masu bayi za ta faɗi, bautar kuma ta mutu don rashin riba. A kan wannan tunani aka kafa ƙungiyar African Civilization Society a 1858, shi ne shugabanta. Burinsu shi ne wasu baƙaƙen Amurka masu sana'a da ilimi su zo Afirka ta Yamma da yardar ransu, su kawo bishara da makarantu da noman auduga. Wurin da suka sa ido a kai shi ne ƙasar Yarbawa.

A daidai lokacin ne wasu mutum biyu masu irin wannan buri, Martin Delany da Robert Campbell, suka iso Abeokuta, suka ƙulla yarjejeniya da Alake da sarakunansa a watan Disamba 1859 a kan filin zama. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, yana cikin shaidu. Amma yarjejeniyar ba ta yi ƙarko ba, yaƙin basasar Amurka kuma ya ɓarke a 1861, hankalin kowa ya koma gida, shirin ya mutu.

Wannan shiri ya jawo wa Garnet zargi mai zafi daga 'yan'uwansa, kuma sai mun koma baya kaɗan za mu gane dalili. Tun 1816 wasu Turawan Amurka suka kafa ƙungiyar American Colonization Society, don kwashe baƙaƙen fata masu 'yanci a kai su Afirka. Cikin masu goyon bayanta har da masu bayi, waɗanda ke ganin baƙin mutum mai 'yanci a kusa da gonakinsu barazana ne. Wannan ƙungiya ita ce ta kafa Laberiya. Yawancin baƙaƙen Amurka sun ƙi jininta, Garnet ma yana cikin masu sukarta tun yana saurayi, gama sun ce guminsu ne ya gina Amurka, ba mai korarsu daga cikinta. Da ya fara maganar Afirka, sai Douglass da wasu suka ce ya koma wa abin da ya tofar. Shi kuwa ya dage cewa akwai bambanci tsakanin wanda aka kora da wanda ya tafi don kansa, kuma neman haƙƙi a Amurka bai hana mutum tuna ƙasar kakanninsa ba.

Yaƙi da wa'azin majalisa

A watan Yuli 1863 tarzoma ta tashi a New York saboda dokar tilasta wa mutane shiga soja. Masu tarzomar suka huce fushinsu a kan baƙaƙen fata, suka kashe mutane a tituna, suka ƙone gidan marayu. Sun zo layin Garnet suna nemansa, amma 'yarsa ta riga ta cire allon sunansa daga ƙofa, suka wuce ba su gane gidan ba. Da ƙura ta lafa, shi ne ya shiga gaba wajen raba taimako ga waɗanda suka rasa gidaje. Ya kuma yi aikin limami ga rundunonin sojoji baƙaƙe da aka tara a tsibirin Rikers.

A 1864 ya karɓi majami'ar Fifteenth Street a birnin Washington. Ran 31 ga Janairu 1865 Majalisar Wakilai ta amince da gyara na goma sha uku ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta. Don tunawa da wannan, aka gayyaci Garnet ya yi wa'azi a zauren majalisar ran Lahadi 12 ga Fabrairu. Shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa yin jawabi a wannan zaure. Ya zo da mawaƙan majami'arsa, ya ɗauki nassinsa daga Matiyu sura 23 aya 4, inda Yesu ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa a kan wahalar da suke ɗora wa jama'a. Bai ɓata lokaci wajen yabon manya ba. Ya gaya musu cewa sakin bayi somin taɓi ne, saura a ba su ƙuri'a, a ba su ilimi, a daidaita su da kowa a gaban shari'a. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da daren da ya ɓuya a dajin Maryland.

Bayan yaƙi ya shugabanci kwalejin Avery a Pittsburgh na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma Shiloh. Matarsa Julia ta rasu a 1870. Daga baya ya auri Sarah Tompkins, shugabar makaranta a New York. Ya ci gaba da magana a kan bautar da ta saura a Kyuba, amma zamani ya fara wuce shi. Sababbin shugabanni sun taso, lafiyarsa ta yi rauni, abin hannunsa ya ƙare.

Kujerar da aka daɗe ana hanawa

Yanzu sai mu dubi ita kujerar jakadancin. Rukunin farko na baƙaƙen Amurka sun sauka a inda Monrovia take a 1822, aka kuma sa wa garin sunan shugaban Amurka na lokacin, James Monroe. Ran 26 ga Yuli 1847 Laberiya ta yi shelar 'yancin kanta. Birtaniya ta amince da ita a 1848, wasu ƙasashen Turai suka biyo baya. Amurka kuwa, wadda daga cikinta ƙasar ta fito, ta yi shiru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In an amince da ƙasa, sai a karɓi jakadanta, 'yan majalisa daga jihohin bayi kuwa ba za su iya ganin baƙin mutum yana zaune cikin jakadu a Washington ana girmama shi ba. Haka suka yi wa Haiti tun 1804. Sai da jihohin kudu suka ɓalle, wakilansu suka fice daga majalisa, sa'an nan a 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar amincewa da ƙasashen biyu.

Wakili na farko da aka aika Monrovia shi ne Abraham Hanson, a 1863, ya kuma mutu a bakin aiki a 1866. John Seys ya gaje shi, tsohon ɗan mishan na Methodist wanda ya daɗe a ƙasar. Su biyun Turawa ne. A 1869 Shugaba Ulysses Grant ya aika Ebenezer Bassett zuwa Haiti, ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci Amurka a wata ƙasa. A 1871 kuma ya aika James Milton Turner, wanda aka haifa bawa a jihar Missouri, zuwa Laberiya. Turner ya zauna har 1878, a zamaninsa ne aka yi yaƙi tsakanin gwamnatin Monrovia da mutanen Grebo a 1875. John Smyth ya biyo bayansa. A wancan zamani Amurka ba ta kiran wakilanta da cikakken sunan jakada ko a manyan ƙasashe, sai daga 1893. Muƙamin na Monrovia ana kiransa minista mazauni, an kuma haɗa masa da aikin ƙaramin jakada mai kula da 'yan kasuwa da jiragen ruwa.

Daga Turner zuwa gaba, shekaru da yawa kujerar ta zama ta baƙaƙen fata. Wannan abu yana da fuska biyu. Girma ne a ce wanda aka haifa bawa ya tsaya a gaban shugaban wata ƙasa da takardar gwamnatin da ta taɓa ɗaukarsa dukiya. Amma kuma shekaru da yawa kusan Haiti da Laberiya ne kaɗai wuraren da ake tura baƙin jakada, kamar an ce ga iyakar gonarku. Monrovia kuma wuri ne da zazzaɓi ke cin baƙi, a zamanin da ba a riga an gano cewa sauro ne ke kawo shi ba.

Tafiya ta ƙarshe

A ƙarshen watan Yuni 1881 Shugaba James Garfield ya naɗa Garnet a wannan kujera. Kwana biyu bayan haka aka harbi Garfield, ya rasu a watan Satumba, magajinsa Chester Arthur ya bar naɗin yadda yake. Garnet yana da shekara sittin da biyar, ƙafa ɗaya, ga ciwon fuka. Abokansa suka roƙe shi kada ya tafi. Crummell, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana aiki a Laberiya, ya san abin da ke jiransa. Amma Garnet ya nuna musu cewa ya san ba zai daɗe a duniya ba, abin da yake so kawai shi ne ya taka ƙasar kakanninsa, in ya mutu a binne shi a cikinta. Ga shi kuma 'yarsa Mary Barboza ta riga shi zuwa can, tana aikin makarantar 'yan mata a garin Brewerville.

Ya tashi a watan Nuwamba ta hanyar Ingila, ya iso Monrovia a ƙarshen Disamba, a zamanin Shugaba Anthony Gardiner. Aka karɓe shi da murna, gama sunansa ya riga shi isowa. Bai jima ba zazzaɓi ya kama shi, ya haɗu da tsohon ciwonsa. Ya rasu ran 13 ga Fabrairu 1882, washegarin cikar shekara goma sha bakwai da wa'azinsa na majalisa. Gwamnatin Laberiya ta yi masa jana'izar ƙasa.

Kada mu ɗauka kujerar ta ado ce kawai. Wata guda bayan mutuwarsa, gwamnan Ingila na Saliyo, Arthur Havelock, ya iso Monrovia da jiragen yaƙi yana neman a sallama masa yankin da ƙasashen biyu ke jayayya a kai. A ƙarshe Laberiya ta rasa yankin, aka tsai da iyaka a kogin Mano a 1885. Ƙaramar ƙasa ce a tsakanin manyan dauloli masu rabon Afirka, ba ta da wanda za ta kai wa kuka sai Amurka, jakadan kuwa shi ne bakin da zai kai kukan. A ranar da aka fi bukatar murya irin ta Garnet, yana kwance a Palm Grove.

Waɗanda suka biyo baya

John Smyth ya komo ya riƙe kujerar har 1885. Moses Hopkins, shi ma faston Presbyterian da aka haifa bawa, ya zo a 1885 ya mutu a 1886. Alexander Clark ya mutu a bakin aiki a 1891, William McCoy a 1893. Watau cikin shekara goma sha ɗaya jakadu huɗu suka rasu a wurin, duk da haka ba a rasa masu karɓar aikin ba. Da yawa cikinsu masu wa'azi ne, kamar William Heard, wanda ya zo a 1895 ya kuma zama bishop daga baya, da Ernest Lyon na Methodist, wanda ya zauna daga 1903 zuwa 1910. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani majami'a ce makarantar shugabanci ga baƙaƙen Amurka, a nan suke koyon karatu da magana a gaban jama'a da riƙon amana. Sai a 1949 aka ɗaga ofishin Monrovia zuwa cikakken ofishin jakadanci, Edward Dudley ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe cikakken muƙamin jakadan Amurka.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya gefen. Zuriyar bayin da suka zo daga Amurka sun riƙe mulkin Laberiya a hannunsu, suka mai da 'yan asalin ƙasar saniyar ware, har juyin mulkin Samuel Doe a 1980, abin da ya biyo baya kuma shi ne yaƙe-yaƙen da suka ci ƙasar daga 1989 zuwa 2003. Waɗanda suka san zafin danniya sun danne wasu. Nassin da Garnet ya karanta wa 'yan majalisar Amurka bai tsaya a kan Turawa kaɗai ba, ya shafi duk wanda Allah ya ba iko a kan ɗan'uwansa, ko a gwamnati, ko a majami'a, ko a cikin gida.

Jama'a, in muka auna Garnet da kwanakin da ya yi a ofis, za mu ce bai yi komai ba. Amma an ja makarantarsa da shanu ya nemi wata, an yanke ƙafarsa ya hau mumbari da sanda, an kayar da shi da ƙuri'a ɗaya ya buga jawabinsa da kansa, 'yan'uwansa sun zarge shi bai daina yi musu hidima ba. Muƙamin ya zo masa a makare, aikin kuwa ya riga ya yi shi tun kafin a ba shi takarda. A cikin ajin Lahadi na majami'unmu akwai yara irinsa, matalauta, wasu da naƙasa, wasu da fushin abin da aka yi wa iyayensu. Allah ya ba mu idon da ya ba Fasto Wright, mu gan su, mu riƙe hannunsu.